Mai Dariya a Bayan Katangar Inna

Ranar da aka kawo ni gidan miji daga Bungudu, ba wanda ya ga ya dace ya gaya mini cewa bayan katangar gidan nan ta gabas gidan silima ne. An yi mini nasiha a kan haƙuri, an yi mini a kan girki, wata gwaggona har da hawaye a kan gaida surukai, amma ba wadda ta ce, "'Yar nan, in kin ji harbe-harbe bayan lisha kada ki gudu." To, na gudu. Da lulluɓina na amarci na yo tsakar gida ina salati, na yi karo da turmi, na tarar da surukata zaune a kan tabarma ta jingina da katanga, tana ɓarar gyaɗa.

"Koma ɗaki, ɗiyata," in ji ta, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ɓarayin hatsi ne, kuma yanzun nan za a kama su."

Haka na fara sanin Inna, mahaifiyar maigidana, wadda duk unguwarmu ta yarda ba wanda ya kai ta sanin fim ɗin Indiya, alhali ko sau ɗaya ba ta taɓa ganinsa da idonta ba.

Lokacin Gusau tana ƙarƙashin Sakkwato, kuma silima ita ce ƙarshen shaƙatawa a garin. Gini ne mai doguwar katanga, ba rufi, sai benci-benci da farin bango. An ɗaga katangar don kada wani ya leƙa a ɓagas, amma ba wanda ya yi tunanin murya ba ta san katanga ba. Duk abin da aka yi a ciki, daga waƙa zuwa kuka zuwa fiton 'yan kallo, a tsakar gidanmu yake sauka. Matar kirki ba ta zuwa can, namiji ma in ya je sai ya ja hula ya rufe goshi. Inna tana kan gaba wajen zagin masu zuwa. In ka ce mata to ita fa, sai ta gyara ɗaurin ɗankwali ta ce, "Ni ƙafata ba ta taɓa taka silima ba. Ita ta biyo ni har gida, mi zan yi mata?"

Abin da take yi mata shi ne ta saurare ta tsaf, kashegari da hantsi ta ba da labari. Matan unguwa su taho, mai gyaɗar ɓara, mai zogalen tsinka, mai kan da za a tsefe. Akwai maƙwabciyarmu mai tuyar ƙosai, mace mai baki kamar an jiƙa reza, ita har ƙullu take ragewa don ta tashi da wuri kada a fara ba ta. Inna ba ta jin ko kalma ɗaya ta Indiyanci, kuma wannan bai taɓa damunta ba. Ta ji ƙarar ruwan sama da waƙa, ta san damina ta faɗi, manoma na murna. Ta ji jirgin ƙasa, ta san an ɗauki auduga. Ta ji tim-tim da nishi, ta san an yi kaka ana dambe. In mace ta daɗe tana kuka da goge a bayanta, to rumbu ne ya ƙone. Wallahi na sha zama hannuna cikin kwaryar gyaɗa, bakina buɗe, har ƙuda ya kusa faɗawa.

A cikin duk mutanen bayan katangar nan, akwai guda da Inna ta ware. Murya ce mai kauri, in ya yi dariya sai ka ji kamar ana gangaro da ganga daga kan tudu. Yakan fito a fina-finai da yawa, kuma da ta ji shi sai ta ajiye abin da ke hannunta. Ta sa masa suna Mai Dariya. A wurinta fatake ne na hatsi, mai jakuna, mai buɗaɗɗen hannu. Ƙarar bulalar da ake ji in yana magana, jakunansa yake korawa. Matan da ke kuka a gabansa, roƙon tsaba suka zo yi a watan yunwa, shi kuma yana dariya ne don ya riga ya sa an auna musu. Ƙarar wuta tana ci ɓal-ɓal, rago yake gasa wa baƙi.

Sai kuma wani yaro mai siririyar murya, wanda ba ya noma ba ya kiwo, aikinsa waƙa da bin 'yar mutane. Inna ta tsane shi kamar ciwon haƙori. Kullum a ƙarshe shi ke zuwa saboda hassada ya kashe Mai Dariya, 'yan kallo kuma su kaure da fito da tafi. A nan ne Inna ke miƙewa ta ɗauki taɓarya ta hau dukan katanga.

"Allah ya isa! Marasa imani! An kashe bawan Allah kuna tafi? Wa za ya ba ku hatsi in bazara ta yi?"

Da farko abin dariya yake ba ni, in shige ɗaki in toshe baki da filo. Sai wata rana ina yi mata kitso ta ba ni labarin Malam, mijinta, wanda ya rasu tun maigidana yana saurayi. Ta ce a Wanke aka haife ta, kuma a zamaninsu ba silima ba rediyo, sai dandali da kalangu, sai dambe da kokawa in an kai amfanin gona gida. Rannan aka zo da majigi a mota, aka kafa farin ƙyalle a fili don a koya wa mutane feshin auduga. Maza gefe, mata gefe. A cikin hoton wani malamin gona ya ja da baya ya faɗa kwata, sai wani daga ɓangaren maza ya fashe da wata dariya da ta sa karnukan ƙauyen haushi. Ta ce ita ba ta ga faɗuwar ba ma, wata mai goyo ta tare ta, amma ta zunguri ƙawarta ta ce, "Ke, wane ne wanga?" Ba a shekara ba aka kai ta gidansa. Shi ne ya dinga sayo hatsi a Kekun Waje da ƙauyukan nan yana kawowa Gusau a kan jakuna, har ya sayi filin da muke ciki, kafin a zo a manna masa silima a jikin gida.

"Ba ni da hotonshi ko guda," ta ce mini, kanta a kan cinyata. "Bai yarda da hoto ba. Amma ranar da na fara jin wanga bawan Allah ya yi dariya ta bayan katanga, sai da na zubar da tukunyar miya. Sak, ɗiyata. Sak."

Daga ranar ban ƙara toshe baki da filo ba. Na gane ba labari kawai take ba wa matan unguwa ba, mijinta take fitowa da shi kowace safiya ta zaunar da shi a cikinmu, kuma ba ta da wata hanyar ganinsa sai wannan.

Aka raba mu da Sakkwato aka ba mu jiha, gari ya cika da ma'aikata da 'yan kabu-kabu, sai kuma bidiyo ya shigo. Ko'ina ka duba an kafa rumfa da buhu, an sa talabijin da benci, yara na leƙe ta ɓula. Ƙanin maigidana, autan Inna, wanda tun yana yaro ba ya iya zama wuri ɗaya, ya je Tsafe ya buɗe irin wannan gidan kallo kusa da tasha, ya fara sa tabarau ko da hadari. Da na haifi 'yata, mace ta farko a gidan bayan maza, kuma za a mayar da sunan Inna, sai ga saƙonsa ta bakin wani direba: ranar suna zai zo da talabijin da janareta, kuma ya samo kaset ɗin fim ɗin nan da Inna ta fi so, wanda ake maimaitawa duk salla. Yau dai tsohuwa za ta ga Mai Dariyarta ido da ido.

Inna ta yi ta cewa ita ba ruwanta, aikin 'yan iska ne, amma da la'asar na gan ta ta fito da atamfarta ta ƙasan adaka tana shanyawa.

Maigidana kuwa tun da ya ji saƙon ya kasa cin tuwo. Mutum ne mai sanyi, ma'aikacin ofis, ga carbi kullum a hannu. Na tsare shi a ɗaki na ce ya gaya mini abin da ke damunsa, don ni da ɗanyen jego ba zan iya da fuskar nan ba.

"Akwai matsala," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Mutumin nan mugu ne."

"Wane mutum?"

"Mai Dariya. Shi ne mugun fim ɗin. Ba shi da jaki ko ɗaya. Bulalar nan mutane yake zuba wa."

"Wutar fa? Ragon baƙi?"

"Bukkokin talakawa ne."

Na yi salati na sanar da Ubangiji. Sai kuma abin ya dawo mini, na ƙura masa ido. "Maigida, kai ina ka sani?"

Ya sunkuyar da kai yana jan carbi da sauri. Ashe malam mai carbi, da ƙuruciya, in ya ce wa Inna ya tafi karatun dare, zagayawa yake ya shige silima. Har ya taɓa zama a bencin da ke jikin katangarmu, yana fito da yatsu biyu a baki, yana jin taɓaryar uwarsa tana dukan bango daidai ƙeyarsa tana ja masa Allah ya isa. Na yi dariya har sai da cikina ya murɗa, ungozoma ta leƙo tana faɗa. Amma da dariyar ta wuce, sai mu biyun muka hango abin da zai faru ranar suna.

Mafita ɗaya ce mai sauƙi: ya je ya ce, "Inna, na taɓa gani, ba haka yake ba, ki haƙura da kallon." Ya ce shi a yanka shi ya fi. Na ce to ya gaya wa Auta. Ya aika masa, Auta ya aiko da amsa cewa ai wannan ne ma zai sa abin ya yi armashi. Kai, Auta! Ba mugunta ba ce, shi dai bai taɓa zama ya ji labarin majigin Wanke ba, a ganinsa tsohuwa ce ke shirme, a yi dariya a wuce.

Ranar suna da hantsi ya iso a a-kori-kura, ya rungume talabijin a cinya kamar jariri. Maigidana ya tarye shi da fara'ar da ban taɓa ganin yana yi ba, ya ce a kawo kaya ya adana, ya zare kaset ɗin ya tura cikin buhun gero a ɗakin ajiya. Bayan azahar aka nemi kaset ƙasa da sama, shi ma yana taya nema, har da ɗaga tabarma. Auta ya sosa kai, ya laluba jakarsa, ya ce Allah ya taimaka yana da na biyu, don na farkon yana yawan cin zare. Maigidana ya koma kan janareta, ya ce hayaƙi ba shi da kyau ga jaririya. Aka ja waya aka kai shi ƙofar gida. Ya ce ai ba fetur a gari. Wani ɗan kabu-kabu da ya zo cin shinkafa ya tsiyayo daga mashin ɗinsa, ya ce ladan suna. Ni ma daga ɗaki na yi nawa ƙoƙarin, na ce kaina na sarawa, ba na son hayaniya. Mai ƙosai ta leƙo ta ce, "Ke da kika shekara nawa kina barci da harbin bindiga?"

Aka ɗora talabijin a kan turmi a inuwar darbejiya, aka yafa masa zane ta sama saboda hasken rana. Mata suka cika tsakar gida. Aka shimfiɗa wa Inna darduma a gaba, ta zauna cikin atamfarta, ta sa kwalli, abin da rabonta da shi tun rasuwar Malam. Ni ina bakin ƙofa da jaririya.

Da farko lafiya lau. Waƙar farko ta taso, Inna ta gyaɗa kai ta ce, "Awo, damina ta faɗi." Ruwa kuwa ana yi, sai dai ba gona ba manomi, wata ce jiƙe sharkaf tana zagaya bishiya, mai siririyar murya yana bin ta. Mata suka rufe fuska suna leƙe ta tsakanin yatsu. Inna ta ce ai daman ta faɗa, ɗan banza ne.

Sai aka ji bulala.

Wani ƙato ya bayyana a kan doki, gashin baki kamar tsintsiya, ido jajur, yana zabga wa wani tsoho. Mata na faɗuwa a ƙafarsa yana shure su. Sai mai ƙosai ta ce, da muryarta da ake ji har layin dogo, "Inna, ina jakunan?"

Aka kwashe da dariya. Ba na ganin laifinsu ƙwarai, abin da dariya. Wata ta ce ko jakunan suna bayan talabijin, wata ta ce a jira ragon baƙi. Sai ga wuta ta kama bukkoki, yara na gudu, ƙaton nan ya ɗaga kai sama ya saki dariyar nan tasa, wadda muka sani kamar sallamar maigida. Mai ƙosai har da faɗuwa a jikin ta kusa da ita.

Ni Inna nake kallo. Ba ta motsa ba. Ta kalli fuskar nan har dariyar ta ƙare, sannan ta dafa ƙasa ta miƙe, ta ce bari ta duba ko an sauke waina. Wainar da tun safe aka cinye. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa yi ba, na miƙa wa ungozoma jaririya, na je na fizge waya daga jikin talabijin, na ce suna ya ƙare, kowa ya kama gabansa. An daɗe ana cewa matar gidan nan ba ta da kunya, ni kuwa ko a jikina.

Kashegari da hantsi mata suka zo da gyaɗarsu kamar kullum, wasu da niyyar tsokana, wasu da kunya. Inna ta gaishe su ta ce yau ba labari. Gobe ma haka. Ta sa aka ɗauke gadonta daga ɗakin da ke jikin katanga aka mayar kusa da zaure. Mai ƙosai ta aiko da ƙosai a kwanon sha har da yaji na musamman, Inna ta raba wa jikoki ta aika da godiya. Maigidana ya je ya durƙusa ya faɗi tarihin karatun darensa, ko zai sa ta yi faɗa ta huce. Ta ce, "Na sani tun tuni. Ina jin fitonka, irin na ubanka ne in yana kiran jaki." Ko murmushi ba ta yi ba.

Ba a daɗe ba aka kawo tsarin Shari'a, aka rufe gidajen silima. Bayan katangarmu ya yi shiru, har muka fara jin kukan gyare. Da aka gaya wa Inna ta ce madalla, daman wurin 'yan iska ne, ta ci gaba da jan carbinta. Auta ya koma sayar da kayan mashin, daga baya da abubuwa suka lafa ya buɗe gidan kallon ƙwallo, inda ƙarti ke ihu a kan mutanen da ba su san da zamansu ba. Yanzu gari ya cika da manyan ɗakunan biki masu fanka da fitilu, kallo kuma ya koma cikin waya. Ka je kasuwa yaro ya tura maka fim a kati, har da wani mai surutu da ke fassara Indiyancin da Hausa, ya yi muryar namiji ya yi ta mace.

Inna ta tsufa ƙwarai, yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da duhu. 'Yata, takwararta, wadda aka yi abin nan ranar sunanta, ta zo wankan jego gida da nata jaririn. Wata safiya muna tsakar gida ina tsinkar zogale, tana kallon wani tsohon fim a waya, Inna na kwance a tabarma muna zaton barci take. Mai ƙosai ma tana nan, ta daina tuya, ba haƙori, amma bakin yana nan daram. Kawai sai dariyar nan ta fito daga cikin wayar.

Na yi wa yarinyar alama da ido ta kashe. Ba ta san komai ba, ta tsaya tana kallona.

"Ƙara murya," in ji Inna.

Ta ƙara. Mai fassara ya shigo da kwakwazonsa yana cewa ga azzalumi nan ya iso.

"Wane ne wanga mai surutu? Fitar min da shi."

Yarinyar ta lalubo wanda ba fassara, ta ajiye wayar kusa da kanta. Inna ta tashi zaune da ƙyar, ta lalubi bango ta jingina, ta karkata kunne yadda take yi a da. Bulala ta yi ƙara.

"Kun ji shi," ta ce. "Ya iso da jakkai. Yau daga Kekun Waje yake."

Ban san lokacin da na ce, "Inna, kin manta ranar suna?" ba. Da ma ban faɗa ba.

"Ban mance ba, ɗiyata. Na ga wani ƙato mai gashin baki ya ɗauki dariyar Malam ya sa a bakinshi. Shekara da shekaru in na rufe ido shi nika gani. To, yanzu idon ya tafi, ya tafi da ƙaton. Dariyar ce ta rage, kuma na san mai ita."

Hawaye suka zubo mini cikin zogale. Mai ƙosai ta ja jiki ta matso har gwiwarta na taɓa tabarmar, ta goge ido da bakin zane, ta yi gyaran murya.

"To, Inna, matan nan da ke kuka fa? Mi sunka zo nema?"

"Tsaba mana, ke ko ba ki da kunne? Yi min shiru, yanzu za ya sa a auna musu."